Daga Taya Zuwa Gasara: Amsoshin Tambayoyinku Kan Abubuwa Masu Taushi

Assalamu alaikum, masu karatu. Barkanmu da sake saduwa a wannan fili. Da na zauna tantance saƙonnin wannan wata, sai na tarar da wasu waɗanda masu su ba su san juna ba, amma tambayoyin nasu 'yan ɗaki ɗaya ne. Direba na kukan taya, mai koko na mamakin gasara, manomi na neman shawara kan wani gari mai shan ruwa, baduku na tambaya kan fata. A ilimin sinadarai da aikin injiniya duk a babi guda ake karanta su, babin abubuwan da ba su kai ƙarfe da dutse tauri ba, ba su kuma kai ruwa tsinkewa ba: roba, soso, kumfa, man shafawa, ƙaro, laka, fata, har da tsokar jikinmu. Wani Bafaranshe mai suna Pierre-Gilles de Gennes ya samu kyautar Nobel ta fiziks a 1991 kan bincikensa a wannan fage, kuma abin da ya jawo hankali a kai shi ne, a irin waɗannan abubuwa ƙaramin dalili kan haifar da babban sauyi. Ɗan zafi, ɗan gishiri, ko saurin da aka taɓa abu da shi, sai halinsa ya juya gaba ɗaya. Mu da ke zaune a Sakkwato, inda zafin bazara ke wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, hunturu kuma ya zo ya busar da komai, kullum muna ganin wannan sauyi da idonmu.

Malam, ni direba ne, ina jigila tsakanin Sakkwato da Illela. Mi ya sa taya ta fi fashewa da bazara? Kuma mi ya sa wata tayar ko hawa ba a taɓa yi ba, tana ajiye, sai ka ga gefenta ya tsattsage? Daga wani direba a tashar mota.

Ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya. Tambayarka ta shafi rai, don haka zan ɗan tsaya a kanta.

Asalin roba ruwan wata itaciya ce da ta fito daga dajin Amazon na Brazil. Yau Tailan da Indunusiya ne kan gaba wajen nomanta, a nan gida kuma ana samunta a jihohi irin su Edo da Delta da Kuros Riba. Akwai kuma robar da ake haɗawa daga man fetur, kuma tayar motarka gaurayen biyun ce. Kowace iri ka ɗauka, ƙwayoyin sinadarinta dogaye ne ƙwarai, ƙanana dubbai ne suka sarƙu da juna suka yi silili guda. Irin wannan shi ake kira folima. Wani Bajamushe, Hermann Staudinger, ya kawo wannan bayani a 1920, manyan masana na lokacin suka ƙi yarda, sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel a kai. Ka ɗauka tulin zaren masaƙa ne ya cukurkuɗe. In ka ja, zaren ya miƙe. In ka saki, motsin da zafi ke sa shi ya mayar da shi cukurkuɗe. Wannan shi ne talewar roba da komawarta.

Ɗanyar roba ba ta da amfani sosai, domin da zafi tana yin danƙo tana manne wa hannu, da sanyi kuma ta sandare. A 1839 wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya gano cewa in aka dafa ta da farar wuta, sai farar wutar ta ɗaure sililan da juna nan da can, su daina zamewa. Ɗan kaɗan ake sawa, amma shi ya mayar da danƙo ya zama abin da ke ɗaukar tirela. Baƙin da kake gani a taya kuma garin kabon ne, dangin baƙin hayaƙi, yana ƙara mata ƙarfi, yana kare ta daga hasken rana.

To ga inda bazara ta shigo. Duk juyin da taya ta yi, ɓangaren da ya taɓa kwalta sai ya lotsa sannan ya dawo. Roba ba ta mayar da duk ƙarfin da aka matsa ta da shi, wani kaso yana zama zafi a cikin jikinta. Ka haɗa wannan da kwaltar watan Afrilu da tsakar rana, wadda zafinta kan wuce digiri 60, ka ƙara lodin buhunan albasa fiye da ƙima, ka ƙara gudu. Zafin sai ya raunana haɗin da ke tsakanin robar da wayoyin da ke cikinta, su rabu, tayar ta tarwatse. Saboda haka al'adar nan ta rage wa taya iska da bazara, wai don kada ta fashe, ita ce ke jawo fashewar. Tayar da ba ta da isasshiyar iska ta fi lotsawa, wadda ta fi lotsawa kuwa ta fi ɗaukar zafi. Ka sa mai faci ya auna maka da geji da safe kafin ka ɗau hanya, a sa adadin da kamfanin motar ya rubuta a jikin ƙofar direba, kuma in ka tsaya a Gwadabawa ka ji tayar ta yi zafi, ka bar ta ta huce, kada ka sace mata iska.

Ita kuwa tsagewar tayar da ke ajiye, tsufa ne. Iskar oksijin da ta ozon suna cin sililan robar a hankali, rana na taya su. Masu ƙera taya suna zuba wasu sinadaran kariya a ciki, waɗanda ke fitowa saman fatar tayar idan tana aiki tana motsi. Wadda aka jingine shekara da shekaru ba ta samun wannan. Ka duba gefen taya, bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Kyawun zanen tayar Kwatano kada ya ruɗe ka, shekarunta za ka fara dubawa.

Sanyi ma yana da nasa sharrin, ko da yake namu bai kai can ba. Ranar 28 ga Janairun 1986 kumbon Amurka mai suna Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum 7 suka mutu. Bincike ya nuna wani zoben roba da ke toshe mahaɗar roka ne sanyin safiyar ya sandarar, ya kasa toshe inda aka sa shi.

Malam, sana'ata koko da ƙosai. In gasara ta kwanta a roba na sa ludayi da ƙarfi, sai ta yi tauri har ta dare, amma in na ɗora ta a tafin hannu sai ta narke ta zuba. Sannan wata rana kokon sai ya ƙi yin kauri. Daga wata Hajiya a Mabera.

Hajiya, abin da kika lura da shi ana nuna wa ɗaliban jami'a shi a ɗakin gwaji, kuma har yau masana na rubutu a kansa. Sitacin gero ko na masara ba ya narkewa a ruwan sanyi. Ƙananan ƙwayoyi ne masu tauri, a cunkushe, da ɗan ruwa a tsakaninsu. In kika motsa a hankali, ruwan na samun lokacin shiga tsakani, ƙwayoyin su zame su wuce juna, sai gasara ta kwarara. In kika buga da sauri, ƙwayoyin sai su gogi juna su cije, ta zama dunƙule har ta dare. Kina saki, ta koma ruwa. Injiniyoyi na kula da wannan hali sosai, domin duk masana'antar da ke tura kwaɓin gari mai kauri ta cikin bututu, in aka matsa wa famfo lamba kwaɓin na iya cijewa ya toshe hanya. Wasu kuma suna gwada jiƙa yadin rigar kariya da irin wannan ruwa, don ya kasance da laushi a jiki amma ya taurare in an soke shi.

Akwai masu akasin wannan hali. Fenti da man goge baki suna da kauri in suna zaune, suna tsinkewa in an matsa su. Masu haƙa rijiyar burtsatse suna kwaɓa wata laka mai suna bentonait su tura cikin rami. Muddin famfo na aiki tana gudu tana fito da ɓarɓashin dutse, famfo na tsayawa sai ta kame ta riƙe ɓarɓashin, kada ya koma ya danne bakin injin.

Batun kauri kuwa na zafi ne. Sai zafi ya kai wajen digiri 60 zuwa 75 ƙwayoyin sitacin ke shan ruwa su kumbura, sililan cikinsu su fito su sarƙe. In kika dama gasarar da ruwan sanyi da yawa, ko ruwan zafin bai tafasa sosai ba, ko kuma da hunturu robar damun ta yi sanyi ƙalau, to haɗin ba zai kai wannan zafi ba, kokon ya fito tsararo. Ki rage ruwan damu, ki ɗauraye mazubin da ruwan zafi, ki zuba tafasasshen ruwa a lokaci guda. In ya riga ya ƙi, mayar da shi kan wuta kina juyawa zai kama.

Wani abin da iyaye mata za su amfana da shi: yawun bakin mutum yana ɗauke da sinadarin da ke yanyanka sililan sitaci, shi ya sa kokon da ake ba yaro da cokali ana mayarwa cikin kofi yake tsinkewa kafin a gama. Irin wannan sinadari yana cikin garin hatsin da aka bari ya yi tsiro. Masana abinci na ba da shawarar a dama kunun yaye da kauri, a barbaɗa ɗan garin tsiro, ya tsinke da kansa. Yaro ya sha cikin sauƙi, kuma abinci ya sha, ba ruwan da aka ƙara ba.

Malam, wani ya kawo mana wani farin gari, ya ce in an zuba a gona yana riƙe ruwa. Na ga irinsa a cikin famfas ɗin yara. Gaskiya ne? Kuma zan iya amfani da na famfas ɗin? Daga wani manomin rani a Goronyo.

Alhaji, gaskiya ne garin yana shan ruwa, kuma dangin na famfas ne. Folima ce da aka ɗaure sililanta sama-sama, a jikinsu kuma akwai gishirin da ke janyo ruwa. Ruwa na shiga, sililan su buɗe, amma ɗaurin ya hana su narkewa, sai abin ya kumbura ya zama jel, wato ya kame kamar romon ƙafar saniya da ya kwana. Masu bincike na ma'aikatar noma ta Amurka sun fitar da wani nau'insa daga sitaci a farkon shekarun 1970. A tataccen ruwa yana iya shan ninkin nauyinsa sau ɗaruruwa, kuma da wannan ruwan masu talla ke nuna shi.

Sai dai ruwan gonarka ba tatacce ba ne. Gishiri kaɗan ya isa ya rage kumburin ƙwarai, takin zamani kuwa gishiri ne a wurin wannan gari. Ruwa mai sinadarin kalsiyam ya fi yi masa illa, domin kalsiyam na ƙara ɗaure sililan su tsuke. Yankinmu na da dutsen farar ƙasa mai ɗauke da kalsiyam, shi ne ma ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti, don haka wasu rijiyoyinmu na da irin wannan ruwa. Alamarsa ita ce sabulu ya ƙi kumfa. Gani ya kori ji: ka ɗebi cokali guda na garin ka zuba a ruwan da kake ban ruwa da shi, ka zuba wani cokalin a ruwan sama ko na leda, ka kwatanta da idonka kafin ka fitar da kuɗi.

Na famfas kam ban ba ka shawara ba. An yi shi da sodiyam, wanda in ya taru yana kashe ƙasa, ya sa ta daskare ruwa ya daina ratsa ta. Na noma da fotashiyam ake yin sa. Wanda yaro ya riga ya ɓata kuwa cuta ce za ka kai cikin albasa da latas ɗin da mutane za su ci. A ganina inda garin ke biyan kuɗinsa shi ne wurin renon itatuwa da ramin dashe a jigawa, inda ɗan kaɗan zai taimaki mangwaro ko darbejiya ta tsallake ranin farko. Faɗin gonar gero ko fadamar da ke da laka ba su buƙatarsa. Takin gargajiya da ya ruɓe da kyau, da rufe gindin shuka da kara ko ciyawa, suna yin kusan wannan aiki, suna kuma ciyar da ƙasa.

Malam, ni baduku ne, na gaji sana'ar. Mi ya bambanta fatar da majemanmu ke jemewa da bagaruwa da wadda ake kawowa daga kamfani? Kuma mi ya sa takalmi in ruwa ya dake shi aka shanya a rana yake ƙandarewa? Daga wani matashi a cikin gari.

Ƙanena, ka taɓo inda ke min daɗi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, majemi ne, kuma a cikin dakan bagaruwa da shanyar fatu na tashi. Da na je jami'a aka fara koya mana sinadaran jima, sai na tarar matakan da ke cikin littafi su ne waɗanda hannunsa ke bi, ɗaya bayan ɗaya.

Fata saƙa ce ta wani furotin mai suna kolajin, wanda kowane sililinsa tufka ce ta igiya uku. Ɗanyar fata na cike da ruwa, shi ya sa take da laushi, shi ya sa kuma take ruɓewa. In ta bushe haka nan, sililan sai su manne da juna ta zama ƙandas. Aikin majemi shi ne ya hana abu biyun nan. Bayan an jiƙa an cire gashi an kankare nama, sai a tsoma ta a ruwan bagaruwa. Kwanson bagaruwa na da sinadarin tanin da yawa, wannan da ke sa baki ya yi bauri. Tanin na shiga tsakanin sililan, ya kama su, ya kore wani kaso na ruwan, ƙwayoyin ruɓa su kasa cin fatar. Sannan a shafa mai a murza, man ya lulluɓe sililan don su riƙa zamewa a kan juna. Daga nan sai rini, ja da karan dafi.

Jimar kamfani da gishirin kurom ake yin ta, kuma ita ce mafi yawa a duniya tun bayan da aka fara ta a masana'antu a ƙarshen ƙarni na 19. Tana da sauri, tana ba da fata mai laushi mai talewa, wadda ko a tafasasshen ruwa ba ta tsukewa. Kafin a rina ta za ka gan ta shuɗi-shuɗi. Ta bagaruwa ba ta jure zafi haka, amma ta fi karɓar zane da bugu, tana riƙe siffar da ka ba ta, tana ƙara kyau in ta tsufa. Don kube da jaka da titimi da gafakar Alƙur'ani, ni dai ban ga wadda ta kama ƙafarta ba. Ruwan jimar bagaruwa kuma bai kai na kurom cutar da ƙasa da rijiya ba. Kada ka ƙona ragowar fatar kamfani a cikin gida, domin wuta na iya mayar da kurom ɗin nau'i mai guba.

Ka kuma san darajar abin da ke hannunka. Fatar jar akuyar Sakkwato tana da ƙaramin ido da saƙa mai ƙarfi. Fatake sun daɗe suna ratsa Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai da sunan fatar Maroko, inda masu ɗinkin littattafai masu tsada ke nemanta. Abin da ke ci min rai shi ne yadda ake barbarar jar akuyar da kowane irin bunsuru har asalinta na raguwa, da yadda ake ɓata fata tun wurin fiɗa da wuƙa mai tsini.

Takalmin da ya ƙandare kuwa, ruwa ne ya wanke man da ke tsakanin sililan, rana ta zo ta busar da su da gaggawa suka manne. Ka ce wa mai shi ya cusa takarda a ciki, ya shanya a inuwa, in ya kusa bushewa ya shafa ɗan man kaɗanya ya murza.

Kolajin ɗin nan shi ne ke sa romon ƙafar saniya ya daskare in ya kwana. Dahuwa na warware tufkar, sanyi ya sa ta sake kamawa ta riƙe ruwa. Ɗan zafi sama da digiri 30 ya isa ya narkar da ita, shi ya sa za ka ga romon ya kame da hunturu, amma da bazarar Sakkwato sai dai a firij. Tunda mun zo nan, ina roƙon masu babbakar kai da ƙafa da ganda su daina yi da tsohuwar taya. Hayaƙinta na barin guba a jikin abin da za a ci.

Malam, akwai illa a dafa alala a leda? Daga wata uwa a Runjin Sambo.

Hajiya, farar ledar ƙulli wata folima ce mai suna folietilin, wadda aka gano a Ingila a 1933. Tana narkewa ne sama da digiri 105, ruwa kuma a 100 yake tafasa, shi ya sa ba ki ga ta narke a tukunya. Amma a wannan zafi ta riga ta saki jiki, kuma manja da man gyaɗa na iya janyo wasu sinadaran da aka haɗa ta da su. Baƙar leda ta fi muni, don sau da yawa daga tsofaffin robobin da aka sake narkawa ake yin ta. Ki koma ga ganye ko ƙananan kwanonin silba. Kuma don Allah a daina hura gawayi da leda ko guntun takalmin roba, yara na zaune suna shaƙa.

Allah ya gafarta Malam, mu dai mun san ƙaro a tawada. Mi Turawa ke yi da shi da suke saye buhu-buhu? Daga wani malamin makarantar allo a Boɗinga.

Alaramma, aikin da ƙaro ke yi a tawadarka shi ne aikin da yake yi musu. Baƙin tawada ƙananan ƙwayoyi ne da ba sa narkewa. In babu ƙaro sai su dunƙule su kwanta a gindin kurtu. Ƙaro na lulluɓe kowace ƙwaya ya hana ta manne wa 'yar'uwarta, in rubutu ya bushe kuma ya liƙa shi a allo, ruwa na taɓawa ya saki, a wanke.

Mafi daraja shi ne na itacen dakwara, wanda ake tsaga bayan damina in ganye ya fara zuba, a dawo bayan makonni a tsince abin da ya tsatso ya bushe. Ƙwayar sinadarinsa na da rassa da yawa, don haka ana iya narka shi da yawa a ruwa ba tare da ya yi kaurin da zai hana aiki ba. Sannan tana da wani ɗan ɓangare na furotin da ke son mai, sauran jikin kuma na son ruwa. Ƙamshin lemon kwalba mai ne da ake samu daga ɓawon lemo, mai kuwa ba ya haɗuwa da ruwa. Ƙaro ke kama ɗigon man ya riƙe shi a warwatse, kada ya taso ya yi zobe a wuyan kwalba. In ka ga E414 a jikin kwalba ko takardar alewa, ƙaro ne. Yana cikin ƙwayoyin magani, da fentin ruwa na masu zane, da aikin ɗab'i.

Sudan ce ta fi kowa fitar da shi, Chadi da Najeriya na biye. Cibiyar binciken roba ta ƙasa da ke kusa da Benin ita ke kula da bincikensa, tana da reshe a Gashuwa ta Jihar Yobe. Abin takaicin shi ne yawancinsa ɗanye muke sayarwa, har da ɓawo da yashi. A Turai, musamman Faransa, ake narka shi a tace a busar ya zama gari, kuma a nan ribar take. Ko tsincewa da rarraba shi daraja-daraja, da daina gauraya na dakwara da na sauran itatuwa, zai ƙara wa mai tsinta kuɗi. Dakwara kuma na jure fari, tana gyara ƙasa, ga mu a bakin hamada. Magabatanmu sun san amfanin irin waɗannan tsirrai a gini ma: makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsi da gashin jima da ruwan dafara a shafe soro don kada ya yi yoyo.

Malam, ina ajin ƙarshe a sakandare, ina son wannan fanni. Ina zan karanta shi? Daga wata ɗaliba a Arkilla.

Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'a. Ki riƙe kemistiri da fiziks da lissafi, kada ki yi wasa da ko ɗaya, don fannin a mahaɗarsu yake. A nan gida Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana koyar da kimiyyar sinadarai, kuma daga nan za ki iya karkata ga folima a aikin bincikenki na ƙarshe. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na da sashen injiniyancin folima da saƙa, a Zariyar kuma akwai cibiyar ƙasa ta nazarin fata. Masu wannan ilimi na aiki a kamfanonin katifa da fenti da sabulu da bututun ruwa da magunguna da abinci, da hukumomin da ke duba ingancin kaya. A asibiti ma, tun daga safar hannun likita har gilashin ido mai laushi da ake mannawa a ƙwayar ido, wanda Otto Wichterle na ƙasar Cek ya fara ƙerawa a 1961, duk aikinsu ne.

Ki fara tun yau da abin da ke ɗakinku. Ki samu robar ɗaure kuɗi mai faɗi, ki ja ta da sauri ki ɗora a leɓenki na sama, za ki ji ɗumi. Ki riƙe ta a miƙe na ɗan lokaci, sannan ki sassauta da sauri ki sake ɗorawa, za ki ji sanyi. Wani makahon masani ɗan Ingila, John Gough, da leɓensa ya gano wannan a farkon ƙarni na 19. Bayan haka ki rataya wani abu mai ɗan nauyi a jikin robar, ki yi alama a bango daidai inda ya tsaya, ki kusanto da zafi ba tare da wuta ta taɓa ta ba. Waya ta ƙarfe tsawo take ƙarawa in ta ji zafi. Ki duba abin da roba za ta yi, ki koma bayanin da na yi wa direba a sama ki nemo dalili, sannan ki rubuto min amsarki, in sha Allahu zan buga ta a fitowa ta gaba.